Bayani A Kan Mai Gadin Baƙin Mai Na Ƙananan Injuna, Da Ɗaurin Wayoyinsa, Da Yadda Ake Gane Cutarsa

Bayanin wannan karo a kan wani ɗan ƙarfe ne da ke cikin injin fetur, wanda bai kai kwalin ashana biyu girma ba, amma rashin saninsa ya sa mutane da yawa asara. Makanikai suna ce masa sensa. Mu a nan za mu kira shi mai gadin baƙin mai, don aikinsa ke nan: in mai ya yi ƙasa ya kashe inji kafin inji ya kashe kansa.

Dalilin rubuta wannan, abin da ya same ni ne wata kaka. Ina da injin casar masara da yara suke fita da shi ƙauye. Rannan ya ƙi tashi ga masara jibge, ga masu ita suna jira. Suka kira wani makanike na bakin hanya, ya ja wata waya rawaya ya tsinke ta, inji ya tashi nan take, aka biya shi ana sa masa albarka. Kwana tara bayan haka inji ya buga. Da aka buɗe, sandar fistin ta karye ta huda cikin injin. Ashe tun ranar farko mai ne ya yi ƙasa, mai gadi kuwa gaskiya ya faɗa, aka toshe masa baki. Abin da kuɗin 'yan mudu na masara zai gyara, sai da buhuna suka tafi.

Fasali na farko: injunan da ake magana a kansu

Ka sani, ya ɗan'uwa, injin da ya fi yawa a hannun mutanenmu shi ne mai fistin ɗaya irin ƙirar Honda ta ƙasar Japan. Kamfanin ya fito da jerin da ake kira GX a shekarar 1983, daga cikinsu akwai GX160 da GX200 da GX390. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka yi ta kwaikwayonsu, shi ne za ka ga an rubuta 168F ko 188F a jiki. Su ne a kan injin ban-ruwa na fadama, da injin markaɗe, da injin casa, da janareta ta shago. Sunaye daban, amma cikinsu kusan ɗaya ne, saboda haka bayanin nan ya game su.

Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ba ya cikin wannan magana. Shi ba shi da ma'ajiyar mai a ƙasa, don haka ba shi da mai gadi. Kiyaye shi yana wajen gwada haɗin man daidai. Haka kuma manyan injunan gas na niƙa masu sanyaya da ruwa, nasu tsari daban ne, za mu taɓa shi a ƙarshe. Kuma ba kowane injin fetur ne ya zo da mai gadi ba, akwai waɗanda aka yi su babu shi don a rage kuɗi. In ka duba ƙasan inji ba ka ga waya ta fito daga cikinsa ba, to naka ba shi da shi, idonka ne mai gadi.

Fasali na biyu: me ya sa ƙarancin mai ke kashe inji da sauri

Waɗannan injuna ba su da famfon mai irin na mota. A ƙasan sandar fistin akwai wani ɗan harshe kamar ludayi, duk juyi ɗaya sai ya tsoma cikin mai ya watsa shi sama, ya jiƙa ko'ina. Janareta a ƙasarmu yana juyi 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 kafin ka ƙifta ido sau ɗaya a daƙiƙa. Injin ban-ruwa yakan kai 3,600. To in mai ya sauka har ludayin nan ya daina taɓa shi, ƙarfe ya koma gugar ƙarfe a bushe da wannan gudun. Sandar fistin kuwa ta alminiyam ce, irin na tukunyar dalma, ba ta jure zafi kamar baƙin ƙarfe. Sai ta narke ta manne, ko ta karye.

Man kuma ba shi da yawa. GX160 da GX200 suna cin kimanin lita 0.6, wato rabin lita da ɗan ɗoriya. GX390 yana cin lita 1.1. Abin da bai kai kwalba ɗaya ba, in ya rage kaɗan ya rage da yawa. Tsohon inji mai hayaƙi yana shan mai a kowace rana, mai shi bai sani ba.

Fasali na uku: yadda mai gadi yake aiki

Abubuwa huɗu ne suke da hannu a wannan al'amari, ka riƙe su.

Na ɗaya, koyil. Shi ne yake kusa da babban faifan da igiya ke juyawa. Maganaɗisun da ke jikin faifan yana wucewa ta gabansa sai ya haifi wuta, ta bi kakkauran wayar nan zuwa fulogi. Bayan kakkauran waya, akwai wata siririya, galibi baƙa, da ta fito daga koyil. Ita ce wayar kashewa. Muddin ba ta taɓa jikin inji ba, fulogi yana ba da wuta. Da zarar ta taɓa ƙarfen jikin inji, wuta ta zube, inji ya mutu. Wannan ita ce asalin mas'alar, wanda ya gane ta ya gane sauran.

Na biyu, makunni, wanda ake murɗawa a kunna ko a kashe. Ba ya kawo wuta daga ko'ina. In ka kashe shi, abin da ya yi kawai shi ne ya haɗa baƙar wayar nan da jikin inji.

Na uku, mai gadi kansa, a can cikin ma'ajiyar mai. Cikinsa akwai wani abu mara nauyi da yake yawo a kan mai kamar gora a kan ruwa. In mai ya cika, goran yana sama, ba ya taɓa komai. In mai ya ja baya, sai ya sauko, ya haɗa wayarsa da jikin inji. Wayar nan ita ce take fitowa ta gefen inji a ƙasa, kusa da inda ake zuba mai, galibi rawaya ce, da ɗan noti ya riƙe ta a bakin ramin.

Na huɗu, wani ɗan akwati mai kamar ƙwayar dabino ko ya fi kaɗan, an ɗaure shi da noti a jikin inji, wayoyi biyu sun fito daga gare shi, rawaya da baƙa. Amfaninsa shi ne, lokacin da inji ke gudu mai yana tangaɗi, goran yana taɓawa yana sakewa. Da babu akwatin nan, inji sai ya riƙa tari yana farfaɗowa yana ci gaba da cin kansa. Akwatin yana jin taɓawar, sai ya riƙe ta gam, ba ya saki sai inji ya tsaya cik. A janareta da yawa akwai ɗan fitila ja a allon gaba da aka haɗa da shi. In ka ja igiya ka ga tana ƙyaftawa, inji yana gaya maka yunwar mai ce.

Fasali na huɗu: ɗaurin wayoyi

Rawayar da ta fito daga cikin inji ta shiga rawayar akwati. Baƙar akwati ta haɗu da baƙar koyil da baƙar makunni, su uku a mahaɗa ɗaya. Shi ke nan. Misalinsa kamar rumbu mai ƙofa biyu ne: ko ta wacce aka buɗe, hatsi zai zube. Makunni ƙofa ce, mai gadi ƙofa ce, ko wanne yana iya kashe inji shi kaɗai ba tare da izinin ɗan'uwansa ba.

Tanbihi na ɗaya: akwatin yana bukatar jikin inji. Waɗansu ta notin da aka ɗaure su suke samu, waɗansu suna da waya ta uku, sau da yawa kore, da ake ɗaurewa a ƙarfe. In tsatsa ko fenti ya shiga tsakani, ko aka bar akwatin yana lilo, ba zai kashe inji ba ko mai ya ƙare ƙaf. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, sannan a ɗaure.

Tanbihi na biyu: kada a kuskura a kai wutar batir kan baƙar wayar kashewa. Injuna masu tashi da mabuɗi suna da wayoyin batir a kusa, masu gaggawa sukan rikita su. Koyil ba ya bukatar batir, in an ba shi sai ya ƙone.

Tanbihi na uku: kada ka dogara da launi kawai. Injunan kwaikwayo kowane da irin launin da ya ga dama, wani kuma makanikai sun sha yi masa ƙari. Ka bi waya da yatsa daga inda ta fito zuwa inda ta shiga. Wadda ta fito daga ma'ajiyar mai ita ce ta mai gadi, ko da wane launi ta zo.

Fasali na biyar: in inji ya ƙi tashi

A bi shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kada a tsallake.

Da farko a ajiye inji a wuri mai daidai. Injin ban-ruwa da aka girke a gangaren bakin rafi, ko injin casa da ƙafa ɗaya ta nutse a huda, mai yakan taru gefe guda, goran ya sauka alhali mai bai ƙare ba. Sau da yawa ɗan katako a ƙarƙashi shi ne duk maganin.

Sannan a buɗe murfin mai, a goge sandar awo, a sa ta a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ciki ba, a zaro a duba. A irin waɗannan injuna, cikar mai ita ce ya kawo har leɓen ramin, kamar zai zubo. In ka leƙa ka gan shi can ƙasa, a cika. Akwai alama guda da ya kamata kowa ya sani: inji ya tashi, ya yi gudu kaɗan, ya mutu, ka sake ja ya sake yin haka. Galibi mai ne yake kan iyaka. Yana tsaye mai ya kwanta, goran ya ɗago. Yana tashi ludayi ya watsa man sama, na ƙasa ya ragu, goran ya sauka. Amma kada a karkata inji a ɗura masa fiye da kima, yawan mai yana kawo hayaƙi yana jiƙa fulogi.

In mai ya cika, a duba fetur da famfonsa da cok da makunni. Sai a kwance fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina gindinsa da ƙarfen inji nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba, a ja igiya. In akwai tartsatsi mai ƙarfi, to mai gadi ba shi da laifi, a koma wajen kafireta. In babu, a gwada wani fulogi da aka tabbatar yana aiki. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

In har yanzu babu wuta, to yanzu ne za a taɓa wayoyi, ɗaya bayan ɗaya, a zare a mahaɗa, ba yankewa ba.

A zare rawayar da ta fito daga cikin inji, a ja igiya. In wuta ta dawo, alhali ka tabbatar da idonka mai ya cika, laifin yana wajen mai gadi: ko goran ya maƙale a ƙasa, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe.

In ba ta dawo ba, a zare baƙar akwati daga mahaɗa. In wuta ta dawo, akwatin ne ya lalace. Sauya shi ba wuya, noti ɗaya ne da wayoyi biyu, masu kayan janareta suna sayar da shi.

In ba ta dawo ba, a zare wayar makunni. In ta dawo, makunni ne, ƙura ko ruwa ya shige shi. Ka tuna inji ba shi da abin kashewa a wannan hali, sai ka taɓa baƙar waya da ƙarfe ko ka rufe fetur.

In an zare duka, koyil yana shi kaɗai, kuma babu wuta, to koyil ne ko hular fulogi. A duba tazarar da ke tsakanin koyil da faifai, kimanin milimita 0.4 ce, kaurin kati mai ɗan tauri. In ta yi daidai, a sauya koyil.

Wanda yake da mita irin ta masu gyaran rediyo, ya sa ta a wurin da take ƙara in an haɗa bakunanta biyu. Baki ɗaya a kan rawayar mai gadi bayan an zare ta, ɗaya a jikin inji. In mai ya cika, dole mita ta yi shiru. In an juye mai, dole ta yi ƙara. Wanda ya saɓa wa wannan, ta kowace fuska, ya lalace.

Fasali na shida: cutar da ba ta da alama

Mai gadin da ya hana inji tashi ya fi sauƙi, don ya sanar da kai. Mai hatsari shi ne wanda ya yi barci: goran ya maƙale a sama, ko waya ta tsinke a ɓoye, ko akwati ya mutu. Inji yana aiki lafiya, kai kana zaton akwai mai tsaro, babu kowa. Musamman in ka sayi inji na hannu, ka duba rawayar wayar nan kafin ka biya, don sau da yawa za ka tarar an zare ta an cusa a bayan tanki.

Gwajinsa iri biyu ne. Ranar juyen mai, bayan an tsiyaye tsohon, a sa mita kamar yadda aka faɗa, a ji ko za ta yi ƙara. Kada a tada inji babu mai don gwaji. Na biyu, bayan an zuba sabo inji yana gudu, a zare mahaɗar rawaya, a ɗauki ɓangaren da ya tafi wajen akwati a taɓa shi da jikin inji. In akwati da ɗaurinsa lafiya suke, inji zai mutu nan take. In ya ci gaba da gudu, a gyara kafin a sake fita da shi.

Fasali na bakwai: magani

Abin da ya fi maƙale goran shi ne dattin tsohon mai da ya yi kauri kamar kunu. Kafin a buɗe inji, a gwada wannan: a tabbatar mai ya cika, a zare rawaya, a tada inji ya yi ɗumi na 'yan mintoci, a kashe, a juye man tun yana da zafi, a zuba sabo, a mayar da waya. Wani lokaci sai an yi haka sau biyu. In bai saki ba, sai sauyawa, wannan kuwa aikin makanike ne, don sai an buɗe murfin gefen inji, a kwance notin waje da ƙusoshin da suka riƙe shi a ciki, a sa sabon gasket, a kula da alamomin da ke kan haƙoran giya kada su goce. A janareta sai an fara cire kan da ke ba da lantarki kafin a kai ga murfin, shi ya sa waɗansu makanikai suke gudun aikin su ce a yanke waya kawai.

In larura ta sa dole a yi aiki da waya a zare, misali kayan lambu suna ƙona babu ruwa, to a naɗe bakinta da tef, a duba mai da ido duk lokacin da za a ƙara fetur, a kuma gyara a cikin makon. Kada a bar wa yaro shi a haka ba tare da an gaya masa ba.

Fa'ida: mai gadi yawan mai yake aunawa, ba kyansa ba. In aka bar famfon fetur a buɗe ana tafiya da inji a kan amalanke ko bayan babur, fetur yakan malala ta kafireta ya gangara cikin baƙin mai. Ma'ajiya ta cika, goran ya ɗago, amma abin da ke ciki ya tsinke kamar ruwa. In ka ga mai ya ƙaru da kansa, ka shinshina. In kana jin fetur, a juye. Haka man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, mai gadi ba zai rarrabe maka shi ba. Littafin Honda ya ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko wata shida, kuma ya ambaci mai lamba 10W-30. A wurin casa da niƙa, inda ƙura ta yi yawa, a gaggauta fiye da haka.

Amma manyan injuna masu famfon mai, nasu mai gadin ƙarfin turin mai yake ji. Kafin inji ya tashi babu turi, don haka akan yi masa dabarar jinkiri ta 'yan daƙiƙoƙi, in ba haka ba zai hana tashi. Injin gas kuma ba shi da fulogi, ta hanyar toshe masa mai ake kashe shi. Kada a ɗauki ɗaurin da muka bayyana a kai can.

Daga ƙarshe, duk gwajin nan a yi shi a fili. Hayaƙin injin fetur yana da guba da ba ta da wari, yana kisa a rufaffen shago ko ɗaki, kuma tartsatsin fulogi ɗaya ya isa ya kama fetur da ya zuba kusa da buhuna. Kaka tana zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya: kowa ya leƙa ƙasan injinsa tun yanzu, ya ga ko rawayar waya tana inda aka ɗaura ta.